Ɗakin da Nasiha Ta Zaɓa

"Gida na uku ke nan," Malam Datti ya faɗa yana kakkaɓe bakin rigarsa a ƙofar zaure. "In wannan ma bai yi ba, Nasiha, sai ki haƙura. Ki koma Kwandiko ki taya ni koyar da yara a Islamiyya. Jami'a ai ba farilla ba ce."

"To, Baba."

To kawai ta ce. Ta samu gurbin karatun jinya a reshen jami'ar da ke Birnin Kudu, sai dai kafin sunanta ya fito ɗakunan kwanan ɗalibai sun cika. Ranar Litinin za a fara karatu, yau Alhamis, ita kuwa ko inda za ta ajiye akwati ba ta da shi.

Gidan farko Malam bai ma shiga ba. Ɗaki goma sha biyu, bayi ɗaya, ruwan damina ya kwanta a tsakar gida har ya yi kore, ga samari a bakin ƙofa sun ƙure kiɗa a waya. Ya tsaya ya dube su, ya ce, "A'uzubillahi," ya koma mota.

Na biyu na Badamasi ne, ɗan amininsa, mai cinikin riɗi, wanda ya ɗauko su a motarsa tun daga garinsu Kwandiko a yankin Gwaram. Gida dai ya yi kyau, ba ƙarya. Tayil, sola, burtsatse a ciki. Amma maza a layi ɗaya mata a ɗaya, katangar da ta raba su ko kafaɗar Malam ba ta kai ba. Ga shi kuma kowa ya san shekara biyu ke nan Badamasi yana neman Nasiha tana zillewa.

"In sa 'yata a gidan mai nemanta?" Malam ya ce. "Me zan gaya wa mutane?"

Badamasi ya haɗiye wannan magana da ƙyar.

A nan ne Nasiha ta taɓa mahaifiyarta, kamar yanzu abin ya faɗo mata. "Inna, gidan ƙawarki fa? Hajiya Sa'adiyya. Na ji an ce tana ba ɗalibai mata haya."

Ni kuwa na ce, yarinyar nan ta iya bakinta! An ce, wai. Wa ya ce? Ikrima ne ya ce, ɗan Hajiya Sa'adiyya, ma'aikacin allurar dabbobi da ake yi wa laƙabi da Likita, wanda ya fara zuwa Kwandiko bara da saƙon gaisuwar mahaifiyarsa, daga nan kuma awakin garin suka dinga bukatar allura fiye da ƙima. Ba wanda ya san abin da ke tsakaninsu, don Malam ya ce ba ya son jin zancen aure sai ta yi nisa a karatu. Shi Ikrima ya tsara komai. Ta zauna a gidansu, Hajiya ta ga hankalinta ta so ta da kanta, in lokaci ya yi maganar aure ba za ta yi wuya ba. Har fenti ya yi wa ɗakin da hannunsa, shuɗi, don ta taɓa ce masa shi take so.

Hajiya Sa'adiyya ta tarbe su da murna, ta rungume Inna Kubra.

"Kubra! Shekara nawa? Sai dai saƙo!" Ta juya ta riƙe fuskar Nasiha da hannu biyu, ta daɗe tana kallonta. "'Yata ce ta girma haka? Allahu Akbar."

Malam ya zaga gidan da kansa. Ƙofa ɗaya ce, ana rufewa da magariba. Ɗalibai mata uku, kowacce da hijabinta har ƙasa, suka durƙusa suka gaishe shi. Rijiya da murfi, bayi biyu a share, bishiyar mangwaro a tsakiya. Ya leƙa ɗakin shuɗin, ya ɗaga kai ya duba rufi ko yana yoyo, ya girgiza ƙarfen taga. Daga nan zuwa ƙofar makaranta tafiyar ƙafa ce, ba sai an hau babur ba.

"Masha Allah," ya ce. "Wannan gida ne na mutunci."

Hajiya ta ciro makulli daga bakin zaninta ta danƙa wa Nasiha. Yarinya ta damƙe shi kamar za a ƙwace.

Badamasi yana tsaye a bakin zaure yana wasa da makullin mota. Ya yi gyaran murya.

"Baba Malam, gida kam ya yi. Sai dai ban sani ba ko ka lura da wancan ɗakin na cikin soro. Ga babur can a jingine."

Malam ya waiwaya. "Na waye?"

"Na ɗana ne, Ikrima," Hajiya ta ce. "Ai ka san shi, yana zuwa gaishe ku."

"Yana da iyali?"

"Tukuna dai."

Fuskar Malam ta canza nan take. Ya miƙa hannu. "Nasiha, mayar wa Hajiya makullinta."

"Baba..."

"Saurayi baligi, rijiya ɗaya, ƙofa ɗaya? Hajiya, ki gafarce ni, ba ɗanki nake zargi ba. Amma ba muharraminta ba ne. Abin da nake hana 'ya'yan mutane ba zan yi shi da tawa ba. Ku tashi mu tafi."

Hawaye ya ɓalle wa Nasiha. Ta dubi mahaifiyarta. Inna Kubra ta ga yadda 'yarta ta ƙanƙame makullin, ta tuna watannin da yarinyar nan ta yi tana karatu har idonta ya yi ja. Ba ta san lokacin da bakinta ya buɗe ba.

"Malam, ai muharraminta ne."

Malam ya juyo.

"Me kika ce?"

"Na ce yayanta ne. Lokacin da na haife ta na kwanta a asibitin garin nan, kana Kano wajen karatu, marigayiya Goggona ce take jinyata. Gadona da na Hajiya a jere suke, a nan muka san juna. Ba ni da lafiyar shayarwa, ita ta ba ta nono."

Makullin ya suɓuce daga hannun Nasiha ya faɗi a kan siminti.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!" Malam ya riƙe gemu. "Shekara ashirin, Kubra? Shekara ashirin ban sani ba?"

"Na ɗauka maganar mata ce."

"Maganar mata? Wannan shari'a ce! Da aure ya gifta fa ba a sani ba?" Ya juya ga mai gida. "Hajiya, haka aka yi?"

Hajiya Sa'adiyya ta sunkuyar da kai. Da ta ɗago, idonta ya cika da ƙwalla.

"Haka aka yi, Malam."

Daidai lokacin Ikrima ya yi sallama, da jakar magani a kafaɗa, yana ta murmushi abinsa. Ya durƙusa ya gaida Malam.

"Yauwa, zo nan," Malam ya ce, ya dafa kansa. "Ashe ɗana ne kai ban sani ba. Ga ƙanwarka nan, nono ɗaya kuka sha, yanzu iyayenku mata suka shaida mini. Na ba ka amanarta. Duk wanda ya zo wajenta da wasa, kai ne ni a garin nan."

Ikrima ya dubi Malam, ya dubi mahaifiyarsa, ya dubi Nasiha. Murmushin bai ma samu damar barin fuskarsa ba, a nan ya daskare.

"Ƙanwata?"

"Ƙanwarka."

"Alhamdulillahi!" Badamasi ya faɗa da ƙarfi, har da tafa hannu. "Ashe ɗan'uwa ne. Ni da nake ta ganin babur ɗinsa a Kwandiko, ashe zumunci ne yake kai shi. Kai, Allah mai iko!"

Ni dai na so a ce wani ya toshe masa baki da tsumma.

*

Da aka kira la'asar Malam da Badamasi suka fita masallaci, iyaye mata suka shige ɗakin Hajiya. Nasiha tana tsaye a cikin ɗakin shuɗin, warin fenti bai gama fita ba. Ikrima ya tsaya daga bakin ƙofa, ya kasa shiga.

"Kin sani?" ya tambaya.

"Wallahi tallahi ban sani ba."

"Nasiha, ki dube ni. Kin taɓa jin wannan magana ko sau ɗaya?"

"Da na ji zan bari ka kai wannan matsayi a zuciyata? Likita, me na yi maka da za ka tambaye ni haka?"

Ta zame ta zauna a ƙasa, ta toshe baki da hijabi kada a ji kukanta.

"Ni na kawo ki," ya ce. "Ni na ce ki zaɓi gidan nan. Da na bar ki kin kama ɗaki a ko'ina, ko a gidan sauron can ne..."

"Da ba mu sani ba, da mun yi aure a kan haram?"

"Ki daina faɗa!" Ya dafe kansa da hannu biyu. "Ki daina, don Allah. Jiya fa na sa aka yi miki kantar littattafai. Ga ta can. Na auna tsayinki a raina na ce kada a ɗaga ta da yawa."

Ta ɗaga kai ta ga kantar, sabon katako, daidai inda hannunta zai kai. Kukan ya ƙaru.

"Ka tambayi Hajiya," ta ce. "Ka tambaye ta ko an yi kuskure."

"In ce mata me? In ce ƙarya ta yi a gaban mahaifinki? Tun da nake ban taɓa jin Hajiya ta yi ƙarya ba."

"To ni ya zan yi? Ka gaya mini ya zan yi! Kullum in tashi in gan ka a bakin rijiya in ce maka me? Har shekara biyar ta karatu?"

 Ya ɗauko makullin da ya tsinta a tsakar gida, ya ajiye a bakin taga, bai yarda hannunsa ya kusanci nata ba. Da ma can ba ya taɓa ta, amma yau ta ga bambancin.

A mota Malam sai sa albarka yake yi, Badamasi yana tuƙi yana fito. Daga Birnin Kudu har Gwaram Nasiha ta jingina kai da gilashi.

*

Washegari Juma'a da hantsi, Inna Kubra tana tankaɗen garin dawa a gindin rumbu. Malam yana can Islamiyya, ana jiyo muryar yara suna bita. Nasiha ta fito da ido a kumbure ta zauna a gefen tabarma.

"Ke kuma lafiya? An samo miki ɗaki, maimakon murna sai kumburi? Tun jiya ko ruwa ba ki sha ba." Inna ta rage murya. "Af, kin ji kuwa? Da sassafe Badamasi ya turo kawunsa wajen Malam. Wai a ba shi izini ya fara zuwa zance tun da kin samu matsuguni. Malam ya ce sai ya ji ta bakinki."

"Ba na son sa."

"To ai ba dole. Wa kike so?"

Nasiha ta kawar da kai.

"Da ke nake magana."

Nasiha ta faɗa jikinta ta fashe da kuka. "Inna, kin kashe ni! Me ya sa ba ki taɓa gaya mini ba? Me ya sa sai jiya?"

"Gaya miki me?"

"Ikrima nake so! Shi yake so na! Shekara guda ke nan, aure muka shirya. Shi ya ce in zaɓi gidansu don Hajiya ta san halina. Yanzu kin ce yayana ne!"

Rariya ta kife daga hannun Inna Kubra, gari ya watse a kan tabarma. Kaji suka yo ca, ko korarsu ba ta yi ba.

"Ikrima? Ikriman Hajiya?"

"Shi."

"La'ilaha illallahu. Na shiga uku ni Kubra!" Ta ɗora hannu a ka. Ta waiga hagu, ta waiga dama, ta janyo 'yarta har bakinta ya kusa taɓa kunnenta. "Ke, saurara. Ƙarya na yi."

Nasiha ta ɗago a firgice. "Na'am?"

"Na ce ƙarya na yi! Babu wani nono. Asibiti dai na kwanta, gaskiya ne, gadona a jere da na Hajiya, gaskiya ne. Sauran duk ni na ƙara a tsaye a wajen. Na ga Malam zai raba ki da karatunki a kan ɗaki, na ce wallahi ba da ni ba. Ni aji huɗu aka cire ni, har yau in na ga mai farin kaya a asibiti sai raina ya sosu."

"Amma Hajiya ta ce haka aka yi!"

"Kara ta yi mini, baiwar Allah. Ba ki ga har ƙwalla ta yi ba? Mace mai tsoron Allah na sa ta shaidar zur a gaban malami. Ni ina na san akwai wata a ƙasa tsakaninku? Ke ma da zurfin ciki kamar rijiya!"

Nasiha ta ma rasa abin yi, dariya take tana kuka, ta ƙanƙame mahaifiyarta. "Inna, ki rantse."

"Ba rantsuwa, abin da na sani na gaya miki."

Can murnar ta tsaya cak. Ta saki Inna a hankali.

"To Baba fa?"

 Duk Kwandiko an san Malam Datti. Zai yafe maka sata, zai yafe maka zagi, amma ba ƙarya ba. Ya taɓa sallamar malamin da ya shekara tara yana koyarwa a ƙarƙashinsa a kan ƙarya ɗaya. Balle wannan, da aka yi da hukuncin Allah, a gaban baƙi.

"In ya ji, ɗakin ya tafi," Inna ta ce. "Karatun ma ya tafi."

"Ya tafi ɗin. Na haƙura da shi, Inna. Zan koyar da yara, zan jira wata shekara, duk abin da ya ce. Amma ke fa? Aurenki fa?"

Inna Kubra ta share fuskarta da gefen zani, gari ya yi mata fari a kumatu.

"Ni na ƙulla, ni zan kwance. In ya ce in tafi gidanmu, na tafi, ba zan zauna ina kallo kina ƙonewa a kan maganar da na ƙaga ba. Sai dai ba zan fara da shi ba. Gobe da ma ya ce in raka ki da kayanki. Zan fara neman gafarar Hajiya, tunda na jefa ta a ciki. In ta yarda, mu zo tare mu durƙusa masa."

Nasiha ta ruga ɗaki ta ɗauki waya. Sai da ta kira sau uku ya ɗaga.

"Likita! Ba gaskiya ba ne! Inna ce ta ƙirƙira don Baba ya bar ni!"

Ta ji wani abu ya faɗi a can ɓangaren, kamar kwalba.

"Sake faɗa."

Ta sake faɗa. Ta ji yana ta maimaita alhamdulillahi, har wani a kusa da shi yana tambaya ko lafiya.

"Tun jiya ban sa komai a cikina ba," ya ce yana dariya. "Yanzu kam sai na cinye tukunyar mai shinkafa. Kada ki ce komai, ni ma ba zan tayar wa Hajiya da maganar ba sai kun zo. Nasiha?"

"Na'am."

"Ko ɗakin nan ya kuɓuce, wata rana da ƙafarki za ki shigo gidan nan, da guɗa."

*

Asabar da hantsi suka sauka a tashar Birnin Kudu. Ikrima yana jiransu, ya sha farar shadda kamar mai zuwa ɗaurin aure. Ya ɗora akwatin a babur ya riga su gida, ya ajiye shi a gindin mangwaro, ya koma soro ya tsaya inda zai ji komai.

Hajiya Sa'adiyya tana zaune a kan kujera 'yar tsugune tana tsince shinkafa a faranti.

"Maraba da 'yata! Kubra, sannunku da hanya. Ga ɗaki can na sa an turara."

Inna Kubra ba ta zauna a tabarmar da aka shimfiɗa mata ba. Ta durƙusa a gaban Hajiya, gwiwa biyu.

"Subhanallahi, mene ne haka? Tashi mana."

"Ba zan tashi ba sai kin yafe mini. Hajiya, na cuce ki. Na sa ki kin yi shaida a kan abin da bai faru ba. Kin rufa mini asiri a gaban Malam, Allah ya rufa naki. Amma yanzu dole mu warware."

Hajiya ta tsayar da hannunta a cikin shinkafar. "Ban gane ba. Wane abu ne bai faru ba?"

"Maganar nonon nan da na ƙaga."

"Kika ƙaga?"

"Wallahi don karatun yarinyar nan na yi. Ban san yaran nan suna son juna ba, Hajiya. Ikrima da Nasiha, aure suke so. Jiya ta gaya mini."

Farantin ya zame daga cinyar Hajiya. Shinkafa ta watsu har bakin rijiya.

"Suna me?"

Ikrima ya fito daga soro ya durƙusa kusa da akwatin. "Hajiya, ki gafarce ni, ni na ɓoye miki. Na so ki fara sanin..."

"Yi mini shiru!"

Bai taɓa jin ta daka masa tsawa haka ba. Ta miƙe tsaye, ta dafa bishiya.

"Kubra, dube ni. Kina nufin Goggo ba ta gaya miki ba?"

Inna Kubra ta ɗago. "Gaya mini me?"

"Shekaranjiya da kika faɗa, na ce a raina, ashe tsohuwar ta sauke nauyi kafin ta rasu. Kubra, kwana nawa kika yi ba kya cikin hayyacinki a asibitin nan?"

"An ce... an ce uku."

"To a kwana ukun nan me kike zaton jaririyarki ta sha?"

Inna Kubra ta dubi 'yarta.

"Goggo ta ce madarar gwangwani..."

"Ta ƙi karɓa! Ta yi kuka har muryarta ta daina fita. Ni kuma ina gadon kusa da ke, da safiyar ranar aka ɗauke ɗana Khuzaima daga hannuna, ɗan wata huɗu, aka tafi binne shi." Hawaye ya zubo mata, ba ta share ba. "Ikrima, kai ka tuna ƙaninka. Shekararka bakwai. Ƙirjina ya cika yana zuba, ba mai sha. Likitan asibitin ya hana ni tafiya don zazzaɓi ya kama ni. Goggo ta dube ni, ta dubi jaririya, ta miƙo mini ita."

"A'a," Nasiha ta ce a hankali. "A'a, Hajiya."

"Kwana uku kina jikina. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyar ba, ban san adadi ba. Ranar da uwarki ta farfaɗo Goggo ta ce in bari, ita za ta faɗa mata in ta yi ƙarfi, kada ta ji ta kasa wa 'yarta. Ni kuwa ban ƙara tayar da zancen ba, don in na tuna ki sai na tuna shi. Kina zaton a banza nake ce miki 'yata?"

Inna Kubra ta zube zaune a cikin shinkafar. "Amma ni ƙarya na yi! Wallahi daga kaina na ƙago ta!"

"Ke kika yi ƙarya. Ni da Malam ya tambaye ni, gaskiya na gaya masa."

"Hajiya, ki tuna da kyau," Ikrima ya ce, yana rarrafowa wajenta. "Shekara ashirin ne fa. Jarirai nawa ne a ɗakin? Ko wata ce, ko..."

"Akwai baƙin tabo a bayan kunnenta na hagu, kamar ƙwayar wake. Shi nake shafawa in tana sha."

Hannun Nasiha ya tafi da kansa ƙarƙashin hijabi. Ba ta bukatar madubi, tun tana ƙarama ta san yana nan.

Ta yi wata irin ƙara, ta durƙushe. Ɗaliban nan uku suka leƙo daga ɗakunansu suka koma da sauri. Hajiya ta tsuguna ta rungume ta, suna kuka tare.

"Da kun gaya mini! Da kun gaya mini tun ranar farko, da na tare ku kafin abin ya yi nisa. Wayyo ni, 'ya'yana!"

Ikrima yana nan durƙushe, farar shaddarsa ta kwashi ƙasa. Ba ya kuka. Ido kawai ya zuba wa ƙofar ɗakin shuɗin.

Sai wayar Inna Kubra ta ɗauki ƙara. Ta ciro ta, ta duba.

"Malam ne."

 Ta danna, muryarsa ta fito sarai, kowa yana ji.

"Kubra, kun isa lafiya? Ta shiga ɗakin nata?"

"Mun... mun iso, Malam."

"Madalla. Yayan nata yana kusa? Ba ni shi."

Ta miƙa wa Ikrima wayar. Ya daɗe yana kallonta kafin ya karɓa da hannu biyu.

"Na'am, Baba."

"Ikrima, Allah ya yi maka albarka. Jiya na kwana da daɗin rai saboda kai. Wata magana ce. Yaron nan Badamasi ya nemi izinin zuwa wajenta, ban ba shi amsa ba tukuna. Kai ne kusa da ita, kuma ɗan'uwa ya fi uba jin cikin ƙanwarsa. Ka bincika mini halinsa a nan garin, ka kuma tambaye ta wanda take so tsakani da Allah. Duk wanda ta ce, in dai mutumin kirki ne, shi zan ba ta. Ka ji ko?"

Ikrima ya runtse ido. Sai a lokacin hawayen ya gangaro.

"Na ji, Baba."

"Ka riƙe mini ita amana."

"Zan riƙe."

Ya ajiye wayar a kan tabarma. Ya miƙe, ya ɗauki akwatin Nasiha, ya kai shi cikin ɗakin da ya yi wa fenti, ya ajiye a ƙarƙashin kantar littattafai. Da ya fito ya zare makullin daga jikin ƙofa, ya tsuguna a gabanta, ya buɗe tafin hannunta ya saka mata.

Yau ne karo na farko da hannunsa ya taɓa nata, kuma iyayensu mata suna kallo, babu wadda ta ce ya bari.